Wata takwas da ƙwan LED a fitilun bayan motata

Wani direba ne ya fara ankarar da ni. Mun tsaya a danja, ya matso kusa ya sauke gilashi, ya ce, "Malam, birkinka na hagu ba ya kawo wuta." Maganar ta tsaya mini a rai har na isa gida. Fitilar baya ba mai mota ke ganinta ba, na bayansa ne ke dogara da ita, kuma ta yiwu na yi makonni ina yawo da ita a mace, ga yara a kujerar baya.

Da yamma na buɗe but, na janye shimfiɗar gefe, na kwance noti uku, fitilar ta fito. Ƙwan ya yi baƙi daga ciki kamar wanda hayaƙi ya turnuƙe, ɗaya daga cikin zarensa biyu ya tsinke yana reto. Irin ƙwan nan ne da ake rubuta P21/5W a gindinsa. Siririn zaren, mai wat 5, shi ke ba da hasken dare, mai kaurin kuma, wat 21, sai an taka birki yake kamawa. A nan ake yaudarar mutum. Ka zagaya bayan mota da dare ka ga ja yana ci, hankalinka ya kwanta, alhali zaren birki ya daɗe da mutuwa. Karo na uku ke nan cikin shekara biyu da wannan gefen ya cinye mini ƙwai, shi ya sa na yanke shawarar gwada na LED, irin ƙwan da ba shi da zare.

Na sayi guda biyu, jajaye. Mai gyaran wayar motata ne ya hana ni ɗaukar fari. Ya ce jan murfin fitila jan haske kawai yake bari ya wuce, sauran ya tare shi, don haka farin LED a bayan jan murfi yakan fito a koɗe. Sakawa ba wuya, a danna a murɗa. Abin lura guda shi ne 'yan ƙusoshin nan biyu na gefen gindin ƙwan ba su daidaita ba, ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa, saboda haka ta fuska ɗaya kawai yake shiga. In ya ƙi, a juya shi, kada a sa ƙarfi.

Daren farko raina ya ɓaci. Na dama ya kama tangaran, na hagu kuwa yana ƙyaftawa, kuma in na taka birki sai siginar gefen ta ɗan yi haske dishi-dishi ba tare da an kunna ta ba. Na so in mayar da kayan in ce jabu ne. Washegari mai gyara ya zare soket ɗin ya miƙo mini. Cikinsa ya yi kore da tsatsa, ƙasan fitilar kuma akwai sawun ruwa, layi guda kamar wanda ake gani a bango bayan ambaliya. Robar da ke toshe tsakanin fitila da jikin mota ta bushe ta tsage, duk wanki da duk ruwan sama suna tsiyaya ciki. Wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, wadda masu gyara ke kira at, ita ma ta ci tsatsa. In at ya yi rauni, wuta takan nemi hanyar komawa ta cikin wani ƙwan, shi ne dalilin da sigina ke haske lokacin birki. Ya goge bakin soket da na wayar har ƙarfe ya fito fes, ya sauya robar, ya shafa ɗan girisin lantarki. Tun daga ranar ba ta sake ƙyaftawa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin kamawa. Ƙwai mai zare sai ya yi zafi kafin ya cika haske, abin da ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. LED kuwa da taɓa birki ya haska. A ido kamar ba komai, amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato wannan ɗan jinkirin ya haura mita 5, tsawon mota guda har da ƙari. Ga wanda ke bin ka a babbar hanya da dare, wannan tazarar ba ƙarama ba ce. LED ɗin ba ya jan wuta sosai, kuma murfin ba ya ɗumi kamar da.

Sai dai akwai inda bai gamsar da ni ba. Madubin da ke cikin fitila an ƙera shi ne don zaren da ke watsa haske ko'ina. Wannan LED ɗin ya fi harba haske kai tsaye baya, don haka in ka tsaya daga gefe da rana tsaka za ka ga wani sashe na fitilar ya yi duhu. Sannan bambancin hasken dare da na birki bai kai na tsohon ƙwai ba. Yana nan, ana gane shi, amma da na sani da na nemi wanda tazararsa ta fi haka, mai fitar da haske ta kowane gefe. Duk mai saye ya gwada wannan a wurin, da rana, wani na taka birki shi yana tsaye a baya.

Na gwada sa wa sigina LED ma, ban kwana da shi ba. Ta riƙa ƙyaftawa da sauri kamar ƙwai ya ƙone, domin na'urar da ke sa ta ƙyaftawa ta ga wutar da ake ja ta yi kaɗan. Maganinsa a sauya na'urar da mai dacewa da LED, ko a haɗa wani abin jan wuta a kan wayar, shi kuma zafi yake yi ƙwarai, ban yarda in ajiye shi kusa da roba da shimfiɗar but ba. Na mayar wa sigina tsofaffin ƙwayayenta. Sababbin motoci kuma wasu sukan nuna alamar ƙwai ya mutu a dashbod saboda wannan dalilin, kuma akwai ƙasashen da dokarsu ba ta yarda a sa LED a gidan da aka yi don mai zare ba, ya kamata mutum ya bincika ta inda yake.

Yanzu kowane ƙarshen mako, da dare, nakan yi ribas in matsa kusa da bango, in taka birki in duba madubi. Jajayen haske uku nake nema, biyu a gefe da na saman gilashin baya. Wata takwas ke nan dukansu suna amsawa, cikin fitilar hagu kuma a bushe yake ko bayan ruwa mai ƙarfi. Ƙwan dama na da, wanda bai mutu ba, na naɗe shi a tsumma yana cikin aljihun gaban mota tare da fiyus biyu.