Abin da Ya Kamata a Fara Saye Kafin Kiwon Aksolotul a Katsina

Aksolotul halitta ce ta ruwa, dangin kwaɗi, mai siffar ƙadangare, da wasu rassa uku masu geza a kowane gefen kanta waɗanda take numfashi da su. Asalinta tafkin Sochimilko ne da ke birnin Meksiko, wanda ke kan tudun da ya haura mita 2,000 sama da teku, kuma a can ta kusa ƙarewa. Ruwan da ya dace da ita shi ne mai digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas; idan ya kai 24 ya daɗe a haka, takan daina cin abinci, cuta ta shige ta. Duk wanda ya san bazarar Katsina, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, zai gane cewa abin sanyaya ruwa ne farkon sayayya, akwatin gilashi ya biyo baya.

Mafi arha ita ce ƙaramar fanka da ake ɗorawa a bakin akwatin tana hura saman ruwan. Aikinta irin na randa ne, wato tururin da ke tashi shi ke tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskarmu tana taimaka mata ƙwarai. Sai dai digiri kaɗan take ragewa, don haka za ta iya wadatarwa da hunturu, amma ba za ta kai ko'ina ba da bazara. Wasu kan jefa gorunan ƙanƙara cikin ruwan. Ban yarda da wannan ba sai a matsayin agajin gaggawa, domin ƙanƙarar na narkewa zafi ke dawowa, kuma hawa da saukar nan tana galabaitar da dabbar. Abin dogaro shi ne injin sanyaya ruwa, wanda ke riƙe ma'aunin da aka saita masa dare da rana. Yana da tsada, galibi ya fi akwatin kuɗi, sannan yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, wanda ke nufin sola da batura masu ƙarfi ko da an ɗauke wuta cikin dare. A ganina, wanda ba shi da halin wannan gara ya kiwata ƙananan kifayen ado masu jure ɗumi, tun da aksolotul na iya rayuwa shekara 10 zuwa 15, kuma nauyinta na wuyan mai ita duk tsawon wannan lokaci.

Game da akwati, dogo mai faɗin ƙasa ya fi mai tsayi, saboda a ƙasa take yawo, kuma tsawonta kan kai santimita 25. Kada ya gaza lita 75 ga guda ɗaya, kuma mafi girma ya fi riƙe sanyi.

Shimfiɗar ƙasa kuwa, ko dai a bar gilashin haka nan, ko a zuba yashi mai laushi sosai wanda aka wanke. Tsakuwa tana da kyan gani, amma aksolotul zuƙar abinci take yi, takan haɗiye tsakuwar ta toshe mata hanji. Matatar soso da ke aiki da famfon iska ta fi mai turo ruwa da ƙarfi, ga arha ga ƙarancin cin wuta, kuma dabbar ba ta son igiyar ruwa. Da yake idanunta ba su da murfi, ba a buƙatar fitila mai haske; wankakkiyar tukunyar ƙasa da aka kwantar ta isa maɓoya.

Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin, dole a zuba masa maganin da ke kashe shi, na burtsatse kuma a gwada shi tukuna. A haɗa da kayan gwajin ruwa a sayayya, a bar matatar ta yi aiki mako 4 zuwa 6 ana ɗan zuba abinci, har ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta su zauna a soson, gwaji ya nuna babu amoniya, wato sinadari mai guba da ke fitowa daga ƙazantar. Sannan ne za a nemi dabbar, tare da wurin samun tana mai tsabta, wadda ita ce abincinta mafi kyau.