Madaba'ar da ta buga min fasta a zaɓen 2023

Samari da yawa na tambayata inda na buga fastocina, ganin kowa ya san ba ni da uban gida a siyasa. Wata 'yar madaba'a ce a Fagge cikin Kano, shago biyu a haɗe, ɗaya na inji, ɗaya na yaron da ke zane a kwamfuta. Mai wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, yatsunsa kullum baƙi ƙirin da tawada.

Ni na san fasta tun kafin in san madaba'a. A zaɓen 2007 ina ɗan shekara 12, mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu na wankau da surfe tana ciyar da mu mu biyar. Da safe in ɗauki tallan ƙosai, bayan isha'i kuma in bi manyan unguwa liƙa fasta. Su ke riƙe da takardun, ni ke ɗauke da bokitin kunun fulawa da guntun tsintsiya, ina shafa wa bango. Abin da aka ba ni shi ne kuɗin kokon ƙannena washegari. Har yau in na ji warin fulawar da ta kwana, darennan nake tunawa. Daga baya na yi dako a Kantin Kwari, na rubuta jarrabawar sakandare sau biyu kafin ta yi kyau. Da aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar majalisar dokoki ta jiha daga 30 zuwa 25 a watan Mayun 2018, sai abin ya fara yi min yawo a rai. Ina da shekara 27 na yanki fom a wata ƙaramar jam'iyya, don a lokacin fom ɗin APC na wannan kujera naira miliyan 2 ne, ko kusa ban isa ba.

Kafin in dace da Baba na shiga wurare biyu. Da sun ji adadin da nake so sai fuska ta canza, don masu buga dubu hamsin suna layi. Shi kuwa kujera ya ja min, ya ce, "Yaro, nawa ne a hannunka? Faɗa min gaskiya, sai mu yanka rigar daidai jikinka." Na faɗa masa. Ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan wata lalatacciyar fasta, ya ce in haƙura da manyan takardu masu sheƙi, in buga matsakaita guda dubu uku, da bana, wato ƙyallen talla na ratayawa, guda huɗu, ragowar kuɗin a yi ƙananan takardu na rabawa a gidajen biki da majalisu.

Shawara biyu ya ba ni waɗanda sun fi aikin kansa daraja a wurina. Na zo da zanen da hotona ya cinye takardar gaba ɗaya, tambarin jam'iyya na can ƙasa ɗan mitsitsi. Ya duba ya girgiza kai. "Fuskarka ba ta cikin takardar ƙuri'a. Tsohuwar da za ta shiga rumfa tambari za ta nema ta dangwala. Ka rage kanka, ka ƙara shi." Haka aka yi, aka sa hoton yatsa a gefen tambarin. Ta biyu, na so a rubuta ranar zaɓe, 11 ga Maris. Ya ƙi. Ya ce an ɗaga a 2015, an ɗaga a 2019, shi ba ya buga wa talaka kwanan wata. Ai kuwa ana saura kwana kaɗan hukumar zaɓe INEC ta mayar da zaɓen gwamnoni da 'yan majalisun jihohi zuwa 18 ga Maris saboda sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Na ga 'yan takarar da suka bi fastocinsu da alƙalamin maka suna gyara lamba.

Aikin kansa ya yi kyau. Takardar na da ɗan kauri, tana shan kunu ba ta yagewa, kuma wanda ya taɓa liƙa fasta ya san takaicin takardar da ke narkewa a hannu tun ba ta hau bango ba. Launin ya jure hazo da ranar hunturu, wata uku kore bai koɗe ba. Rubutun Hausar ma da ƙugiyoyinsa, ƙ da ɗ da ɓ duk sun fito, abin da manyan wurare ke sakaci da shi.

Inda suka gaza shi ne lokaci. Kwana huɗu aka ce min, sai da na yi tara ina sintiri, yau babu wuta, gobe janareto ya ƙi tashi, jibi wani babba ya kawo aikin gaggawa an ture nawa gefe. Wannan na ƙarshen ya yi min ciwo, na kuma faɗa wa Baba ido da ido, ya ba ni haƙuri bai yi musu ba. Sannan bana ɗaya cikin huɗun ba a naɗe bakinta da kyau ba, iskar dare biyu ta fizge ramukan igiyar. Sun sake min ita, amma sai da na biya rabin kuɗin. A ganina bai kamata in biya ko sisi ba.

Sai watan Fabrairu ya zo da wahalar canjin kuɗi. Takardar naira ta ɓace, taransifa na maƙalewa, masu POS na yankar mutane. Ina buƙatar ƙarin dubu ɗaya, 'yan jagaliya sun yayyage na bakin titi, ni kuma ko kafin alƙalami ba ni da shi. Na je ina jin nauyin buɗe baki. Baba ya ce wa yaronsa ya ɗora aikin, ya juyo ya ce min, "Ka kawo in Allah ya hore." Ko takarda bai sa na sa hannu ba.

Ban samu shiga cikin 'yan majalisa 40 na Kano ba, na uku na zo a mazaɓarmu, sai dai na ci rumfar ƙofar gidanmu. Bashin Baba na biya shi kashi uku, na ƙarshe bayan Babbar Sallah, kuma bai taɓa aiko min ba. Duk mai ƙaramin ƙarfi da zai kai masa aiki, ya kai mako biyu kafin ranar buƙata, ya karanta zanen harafi-harafi kafin a ɗora a inji, ya kuma duba bakin bana da hannunsa tun bai bar shagon ba.