Gargaɗi ga mutanen Garwa da Marwa a Kamaru: 'yar MP3 mai "giga 64" da ake talla jabu ce

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai niyyar sayen 'yar na'urar sauraro ta MP3, ko don kansa ko don wani dattijo a gida, ya dakata ya karanta wannan tukuna, sannan ya tura wa na kusa da shi.

Akwai wani mutum da ke tallar waɗannan na'urori a Facebook da rukunonin WhatsApp na mutanenmu. Ba zan kama suna ba, don sunan da yake amfani da shi canzawa yake yi, haka ma lambar wayar. Amma tallar iri ɗaya ce kullum: wai shagonsa yana Duwala, kaya sun iso daga Dubai, "iPod sabuwa dal a kwali, giga 64, sefa 6,000 kacal", kuma an zuba mata Alƙur'ani izu sittin kyauta. Irin kayan nan dai su ne ake gani a hannun wasu yara masu tire a tashoshin mota da bakin babbar kasuwa. Waɗanda aka fi cuta su ne direbobin manyan motoci masu bin hanyar Gaundare zuwa Kusiri, da 'yan acaba, da makiyaya, da tsofaffin da ba sa son wayar shafa, abin da suke so kawai su danna su ji karatu ko tafsiri ko da babu sabis.

Abin da ya sa damfarar ke tafiya shi ne na'urar tana aiki. Ka kunna a gaban mai sayarwa, Fatiha ta tashi raɗau. Ka tsallaka zuwa Yasin, ta tashi. Ka jona ta a kwamfuta, kwamfutar ma ta nuna maka ma'aji mai girma. Babu inda za ka ga alamar cuta. Ƙaryar a ciki take: kowane memori yana da wani ɗan guntu da ke gaya wa waya ko kwamfuta girmansa, kuma ana iya sauya abin da guntun nan yake faɗa. Sai a ɗauko memori mai giga 2 ko 4, galibi daga cikin waɗanda masana'anta ta ware saboda lahani, a koya masa ya riƙa cewa shi 64 ne. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka gaya mata shi take nunawa.

Ku yi lissafin da kanku. Sautin MP3 na yau da kullum yana cin kusan mega ɗaya a minti ɗaya. Giga ɗaya ke nan, wato wajen mega 1,000, zai ɗauki wajen awa 16. Giga 64 na gaskiya ya haura awa 1,000, mutum ya yi wata guda yana saurare dare da rana bai ƙare ba. Shi kuwa mai giga 4 bai wuce awa 65 ba. Ɗan damfarar ya san wannan sarai, shi ya sa yake zuba abin da bai wuce ainihin cikin na'urar ba. Duk abin da ya zuba zai yi, har ka isa gida, har ka kwana da ita.

Matsalar tana farawa ranar da ka kai ta wurin masu turi ka ce a ƙara maka tafsirin azumi da waƙoƙi. Da an wuce iyakar gaskiya, abu biyu ne ke faruwa. Ko dai sabon abin da aka tura ya tafi a iska, ko kuma na'urar ta koma ta rubuta shi a kan na farko, kamar allo ɗaya da ya cika aka wanke aka sake rubutu. Amma jerin sunayen yana nan cif, ba abin da ya ɓace a ido. Ka danna, shiru. Ko ta yi daƙiƙa biyu ta yi tsalle. Ko sunayen su koma wasu alamomi da ba a iya karantawa.

A nan ne abin ya fi ba ni haushi, domin laifin ba ya komawa kan mai shi. Mutum zai koma wurin yaron da ya yi masa turi yana faɗa: "Kai, ka sa min bairos, lafiya lau na kawo maka ita!" Yaron ya rantse ya ce, "Wallahi Baba, kwamfutata ta nuna komai ya shiga." Kuma gaskiya ya faɗa. A goge a sake zubawa, a sake biya, abu ya sake lalacewa. An ɓata tsakanin mutane biyu da dukansu aka zalunta, shi kuwa wanda ya haddasa ya riga ya canza lamba. Masu turi na unguwar Yelwa a Garwa da Domayo a Marwa, wannan gargaɗin har da ku: kafin ku zuba wa kowa komai a sabuwar na'ura, ku gwada ta a gabansa.

Batun sunan iPod kuwa, ba sai an wahala ba. Kamfanin Apple ya fara yin ta a 2001. Ya daina yin ƙananan, wato nano da shuffle, a 2017, ya rufe babin gaba ɗaya a 2022. Shuffle ɗin nan da ake kwaikwayon siffarta, mai ɗan maƙali a baya, ba a taɓa yin ta da fiye da giga 4 ba. Sannan iPod ta asali ba ta da ramin saka memori. In ka juya ka ga rami a gefe, magana ta ƙare. Ni ba na ƙin kayan China masu araha, akwai masu kyau da ke shekara suna aiki, muddin an sayar maka da ita a matsayin abin da take. Wani abin lura kuma: yawancin ƙananan nan ba sa karanta memori da ya wuce giga 32, don haka rubutun 64 ko 128 a jikin kwalinsu shi kansa abin tuhuma ne.

Wannan ga wanda kayan ya iso hannunsa ke nan. Akwai waɗanda ko kwalin ba su gani ba. Za a ce ka tura rabin kuɗi ta waya a matsayin kafin alƙalami, za a sako maka a motar safa. A turo maka hoton ƙunshi da sunanka a jiki. Kashegari wani ya kira da wata lamba, wai daga tasha, ya ce 'yan duwan, wato kwastam, sun riƙe kaya a hanya sai an ƙara 3,000. In ka tura, a ƙirƙiro wata. In ka ƙi, a toshe ka. Kada wanda ya tura ko sisi don kayan da bai riƙe a hannu ba, kuma kada ka taɓa ba wani lambar sirrin asusun wayarka, ko da ya ce zai mayar maka da kuɗinka ne.

Gwajin gaskiya ɗaya ne: a cika na'urar. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke aiki a kwamfuta mai Windows. Tana rubuta bayanai har ma'ajin ya cika, sannan ta karanta su ta gaya maka nawa ne suka dawo lafiya. Tana ɗaukar awanni, shi ya sa mai tire ba zai yarda ya tsaya ba, kuma ƙin tsayawar ya ishe ka amsa. In ba a samu manhajar ba, a tura manyan bidiyoyi da suka kai giga 10, a cire na'urar, a sake jonawa, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Cirewar nan wajibi ce, in ba haka ba kwamfutar na iya nuna maka abin da ta riƙe a nata cikin. Kada kuma a rikice: na gaske mai giga 8 yakan nuna wajen 7.4, mai 64 ya nuna 59 da ɗoriya. Wannan bambancin lissafi ne, ba cuta ba.

Ka sayi kaya a shago mai ƙofa, wurin wanda za ka samu gobe, ka sa ya rubuta maka rasit da girman ma'ajin a jiki. A duba batirin ma. In bayanta ya ɗan kumbura ko tana zafi sosai wajen caji, a ajiye ta, balle a zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40.

Wanda aka riga aka cuta, ya adana hoton tallar, da lambar da ya tura wa kuɗi, da saƙon shaidar turawa, ya kai ofishin 'yan sanda ko jandarma. Damfara laifi ne a sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru, kuma layukan waya da rajista suke. In na'urar tana hannunka, ka fara kwashe duk wani abu mai muhimmanci, musamman muryar wani malami ko karatun da ka naɗa da kanka. Daga nan mai gyara zai iya auna ainihin girmanta ya yanke ta daidai nan, ka ci gaba da amfani da giga 2 ko 4 ɗin da ke ciki.