Katin Istanbulkart da jirgin ruwa: yadda na zaga Istanbul da Baba da Inna

Shekarata huɗu a Istanbul. Ina aiki a wani ofishin aika kaya a unguwar Laleli, inda ƴan kasuwarmu na Yamai da Tawa da Maraɗi ke kawo dilolin tufafi mu auna mu tura musu gida. A watan Afrilu Baba da Inna suka zo mini kwana tara. Sun baro Tawa ana tsakiyar zafin bazara, suka sha tafiyar kilomita sama da 500 a mota zuwa Yamai, daga nan suka hau jirgi. Tun kafin su sauka nake ta tunanin yadda zan nuna musu gari ba tare da na gajiyar da su ba, musamman Inna da ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa.

Ranar farko na biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin mutum uku. Motarsu mai kyau ce, ba zan ɓoye ba. Amma jagoran da tutarsa a hannu yake tafiya, ba ya waiwaye. A Masallacin Sultan Ahmad, mai hasumiya shida, Baba bai gama ɗaga kai yana kallon ƙubba ba aka ce a fito. Daga nan aka kai mu shagon dardumai, muka zauna fiye da awa guda ana ta warware mana kayan da ba mu tambaya ba, har lokacin Azahar ya so ya ƙwace mana. Da muka dawo gida Inna ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi, Baba kuwa ya ce da ni a hankali, "Ɗan nan, wannan ai ba ziyara ba ce, kora ce." Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci.

Washegari na saya wa kowannensu Istanbulkart, irin wanda nake zuwa aiki da shi kullum. Kati ne ɗan ƙarami da ake saye a injinan da ke bakin tashoshi, a nan kuma ake zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga bas, da tiram mai bin tsakiyar titi, da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, da jiragen ruwan hukumar birni. Ɗora shi kawai ake yi a kan na'urar ƙofa, ta yi ƙara, mutum ya wuce. Babu ciniki, babu neman canji, babu buƙatar jin Turkanci. Abin da mu uku muka kashe a katin cikin kwana takwas bai kai abin da na biya kamfanin nan na yini ɗaya ba.

Daga Laleli muka hau tiram na layin T1, wanda ke ratsa Sultan Ahmad ya sauka Eminonu, bakin ruwa. Muna shiga wani saurayi ya tashi ya ba Inna kujera, kuma haka muka yi ta gani har suka tafi. Turkawa na girmama tsofaffi.

A bakin jirgin ruwan Uskudar, wata unguwa da ke tsallaken ruwa, ne Inna ta ja ta tsaya. Ruwan da ta sani a duniya shi ne tafkin Tabalak, sai kogin Yamai da take hangowa daga kan Gadar Kennedy. Ta riƙe wuyan hannuna gam. Na ce, "Inna, ku taka a hankali, ina riƙe da ku." Baba ya karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", muka shiga. Na zaunar da su a ciki kusa da taga, na karɓo musu shayi a ƴan ƙananan kofunan gilashin nan masu siririn ƙugu, da simit, burodin da ake yi kamar ƙawanya a barbaɗe shi da riɗi. Jirgi bai yi nisa ba sai ga fararen tsuntsayen teku sun biyo mu, yara na jefa musu gutsuren burodi suna cafewa a sama. Inna ta saki hannuna, ta gutsuri nata, ta ce in kai ta waje. Ban manta dariyar da ta yi ba lokacin da tsuntsu ya cafe nata tun bai kai ruwa ba. Rabon da in ji ta yi irinta tun ina gida.

Tafiyar ba ta wuce minti 20 ba, amma a cikinta mutum ya bar nahiyar Turai ya taka Asiya, domin mashigin Bosforus ne ya raba garin biyu. Daga kujera ɗaya Baba ya ga fadar Tofkafi ta sarakunan da, da Masallacin Aya Sofiya, da hasumiyoyin Masallacin Sulaimaniyya a kan tudu, da gadar da aka buɗe a 1973 can gefe, duk ba tare da ya taka ƙafa ba. Muna sauka kuma ga Masallacin Mihrima daura da tashar, ginin Sinan ne, shahararren maginin sarakunan Turkiyya na da, na shekarar 1548. Tsallaka titi kawai muka yi muka samu jam'in Azahar. A ganina babbar fa'idar jirgin ga dattijo ke nan: yana zaune gari na wucewa ta gabansa, akwai bayan gida a ciki, kuma manyan tashoshin da muka bi duk akwai masallaci a kusa.

Ranar da ta fi kowace ita ce ta Ayub Sultan, unguwar da kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Akwai tiram da ke zuwa can daga Eminonu, amma na zaɓi jirgin da ke bin mashigin Halic, wanda muka hau a Karakoi. Yana tafe yana tsayawa a ƙananan tashoshi, ruwan kuma a kwance yake, ba ya jijjiga. A hanya Baba ya ɗauko tarihi, ni da Inna muna saurare kamar a zauren gida bayan Isha'i: yadda taguwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta durƙusa kusa da gidan Abu Ayyub al-Ansari ranar shigarsa Madina, da yadda ya zauna a gidan wata bakwai kafin a gama ginin masallaci da ɗakunansa. Sannan yadda wannan sahabi, da tsufansa, ya biyo rundunar da ta zo wannan birni a zamanin Mu'awiya, ya rasu a nan, aka binne shi kusa da ganuwa. Ni na san an gina masallacin wurin a 1458, shekara biyar bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin, kuma ginin da ke tsaye yanzu na 1800 ne. Sauran duk a bakin Baba na ji su dalla-dalla.

Daga tashar zuwa masallacin tafiya ce kaɗan, a shimfiɗe, babu hawa. Da muka isa gaban tagar kabarin, Baba ya yi sallama, muryarsa ta karye. Ya daɗe tsaye yana share ido da gefen rawaninsa. Babu wanda ya ce mana lokaci ya ƙure. Muka yi La'asar a can, Inna ta zauna a farfajiya ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya tana jan carbi, wata dattijuwa Baturkiya ta matso ta miƙa mata alewa, suka yi ta gaisawa da hannu da murmushi, ba mai jin yaren wani. Bayan nan muka hau teleferik, ɗan akwatin da igiya ke ja zuwa kan tudun Piyer Loti, shi ma da katin nan ake shiga. Daga sama ana ganin Halic gaba ɗaya.

Akwai abubuwan da ya kamata mai niyya ya sani. Katin na sufuri ne, ba ya shigar da mutum Tofkafi, tikitin can daban ake saye, kuma ranar Talata a rufe fadar take. Mun je don ɗakin da aka ajiye kayan tarihin Manzon Allah da aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Ya cancanci zuwa, sai dai layi na da tsawo kuma daɓen duwatsun farfajiyar ya wahalar da gwiwar Inna. Babbar kasuwar nan mai rufi ba ta ci ranar Lahadi. Da sassafe da kuma bayan ƙarfe biyar na yamma ma'aikata ke cika tiram, don haka mu sai ƙarfe goma muke fita, mu dawo kafin a tashi daga aiki. Jirgin Halic ba ya tashi akai-akai kamar na Uskudar, sai an duba jadawali tun daga gida. Iskar kan ruwa kuma ko a Afrilu tana da sanyi ga wanda ya fito daga Adar, yankinmu na Tawa, dole a riƙe rigar sanyi da mayafi mai kauri.

Sau ɗaya muka gwada Marmarai, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2013 mai bi ta ƙarƙashin teku. Cikin ƴan mintuna muka tsallaka. Baba ya jinjina aikin, ya yi ta tambayata zurfin wurin, na ce masa kusan mita 60 ne. Inna ta ce ita ba ta ga komai ba sai bango, a mayar da ita wurin tsuntsayenta.

Ana gobe za su tafi na tambaye su ko akwai inda ya rage. Na ɗauka Inna za ta ce kasuwa, saboda tsarabar jikoki. Sai ta ce jirgin Uskudar. Muka je muka dawo sau biyu ba mu fita daga bakin ruwa ba, ta sayi simit biyu, ɗaya nata ɗaya na tsuntsaye. A filin jirgi na ce ta ba ni katin tunda akwai sauran kuɗi a ciki. Ta buɗe jakarta ta tura shi cikin aljihun da take ajiye fasfo, ta ce, "Bar mini abina, in Allah ya kai mu baɗi da shi zan shiga."