Kafin ka biya kuɗin jardan

Da Oktoba ta ƙarato sai allunan tallan jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, su cika bakin titi a Maraɗi, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo, kowa na cewa yaronka zai ji Faransanci cikin wata uku. Irin wannan alkawari ne ya ci ni.

Mu iyaye mun ɗauka in ɗan shekara 4 ya dawo yana rera ƙirga har ɗari, to karatu ya zauna. Ɗiyata ta yi haka a wani jardan mai tsada. Wata rana na zube mata dabino bakwai bisa tabarma na ce ta ƙirga, sai ga ta a goma sha biyu, baki na gudu, yatsa na baya. Ashe haddar aku na biya wa jakunkuna.

Yanzu zaɓina ƙaramin jardan ne na kusa da gida, na gwamnati ko na kuɗi, muddin akwai inuwa da rairayi da madam, wato malama, mai haƙuri. In ka leƙa ka ga yara na cura laka, suna jera marufan kwalba, kada ka ce ɓata lokaci ne. Yatsun da suka sha murza laka su ne za su riƙe alli a CI, ajin farko na firamare, ba gardama, kuma wanda ya raba marufi ja da kore ya fara lissafi. Madam ɗin da ke ba su tatsuniya da Hausa ma ba ta lalata musu Faransanci. Yaron da ya iya ba da labari da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa, amma har yau wasu iyaye in sun ji Hausa a aji sai su ga an cuce su.

Franko-arab, makarantar Faransanci da Larabci, ba laifi, sai dai a ganina harsuna uku, in aka haɗa da Hausa, sun yi wa ɗan shekara 3 yawa. Makarantar allo ba kishiyar jardan ba ce, a tura shi da marece. Barin yaro gida da waya a hannu kuwa, wannan ba zaɓi ba ne.

Inda ake cin mutane shi ne fenti. Bango ya sha zanen zaki da giwa, kayan wasa na cikin kabad an kulle, sai ranar da iyaye za su zo. Kada ka je ranar da suka ba ka. Je musu ƙarfe goma na safe ba sallama ta waya. Ƙirga kawunan yara da kanka. Nemi takardar izinin buɗe makarantar, in darakta ya fara kame-kame ka juya. Tambayi kuɗin shekara dukansa, don bayan rajista akwai na riga, na littafi, na bikin ƙarshen shekara. Mai ce maka zai tsallakar da ɗan shekara 4 zuwa CI, aljihunka yake kallo. Mai ba jariri aikin gida shafi biyu ma haka, kai za ka yi shi da dare.

Sannan ka ce a nuna maka makewayi. A can inda na baro, kulle shi ake yi har lokacin fita shan iska, ga bulala bisa tebur. Sau biyu ɗiyata na dawowa da wando jiƙe, ba ta faɗa ba sai da uwarta ta gani wajen wanki.