Lefe: a tara a hankali ko a saya rana ɗaya?

Wanda yake leƙa Kantin Kwari duk ƙarshen wata ya ɗauko turmi ɗaya ko biyu ba ya jin nauyin kuɗin, tashin farashi ma bai cika ritsawa da shi ba. Atamfa da shadda ba sa lalacewa a akwati. Matsalar ita ce yayi: leshin da ake rububi bara, bana sai dangin amarya su taɓe baki. Man shafawa kuwa wa'adinsa na iya ƙarewa.

Mai saye rana ɗaya, da kwasar adashi misali, yana samun farashin sari, amma idan bikin ya zo gab da Sallah zai sha tsada. A ganina zannuwa a tara su, leshi da kayan kwalliya a bari sai an sa rana.