Na'urar gano hayaƙi mai intanet da sirrin gida

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga amsar tambayarka game da na'urar gano hayaƙi da kake son sakawa a sabon gidanka na Fadaman Mada.

A nan Sikotland, tun watan Fabrairun 2022 doka ta wajabta wa kowane gida ya kasance da wannan na'ura a falo da kuma hanyar da ake bi zuwa ɗakuna, da wata mai gane zafi a kicin, kuma dole a haɗa su ta yadda idan ɗaya ta yi ƙara sauran za su amsa. A nan kam sun yi mana nisa, domin a Bauchi, inda gobara ke cin shaguna da gidaje lokacin sanyi, kuma hayaƙin janareta kan hallaka mutane suna barci, da wuya ka shiga gidan da ke da ko da guda ɗaya.

Sai dai dokar ba ta ce a haɗa su da intanet ba, kuma irin mai intanet ɗin ce ban yarda ka saya ba. Ɗaya da ta yi fice a cikinsu, Nest Protect, ta fito a 2013, kuma Google ya sayi kamfanin Nest da ya ƙera ta a 2014 kan dala biliyan 3.2. Ba hayaƙi kaɗai take ji ba. Tana gane motsin mutum, har takan kunna ɗan haske idan ka wuce ƙarƙashinta da dare, sannan tana magana da rumbun bayanan kamfani. Duk wanda ya samu irin waɗannan bayanai zai iya sanin lokacin da gida ke tashi sallar Asuba, da lokacin da ake kwanciya, da makonnin da aka kulle gida aka tafi Umara. Mu da muka taso baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama da izinin maigida, abin da wuya mu liƙa irin wannan a rufin ɗakin matanmu.

Ba zargi nake yi a banza ba. A 2019 aka gano cewa wata na'urar tsaron gida ta Nest tana da makirufo a ciki wanda ba a ambata wa masu saye ba, kuma Google ya amsa cewa kuskure ne. Wani abin da ya fi damuna shi ne gidan haya, domin idan mai gidan ne ya saka na'urar, saƙon da take aikawa yana zuwa wayarsa ne, ɗan haya kuwa bai san abin da ake gani ba. Turai na da dokar kare bayanai tun 2018, Najeriya ma ta yi tata a 2023, amma bin kadi a kan kamfanin da ke wata nahiya ba ƙaramin aiki ba ne ga talaka.

Ga kuma ɗaukewar wuta da raunin sabis a can gida Bauchi, waɗanda za su yanke saƙon wayar da saboda shi ake biyan kuɗi mai yawa. Mai batir zalla ba ta kai fam 20 ba a nan, wasu batirinsu kan yi shekara 10. Irinta zan aiko maka, tare da mai gane iskar gubar nan marar wari da janareta da gawayi ke fitarwa, a saka ta kusa da ɗakunan kwana.